Darasi Kan Karayar Haƙarƙari da Tiyatar Ƙaramin Yanka



Duk wanda ya daɗe yana bin kasuwannin arewacin Gana ya san yadda abin kan faru. Motar doya ta taso daga Salaga da asuba, mata na zaune bisa lodi, taya ta fashe kafin a kai Tamale. Motokin ya ɗauko buhunan albasa a Bawku, ya kauce wa rami, ya kife a kan yaron da ke riƙe da kayan. Sa ya tunkuyi mai jansa a kara, ko jaki ya yi harbi, ko katangar ƙasa ta sha ruwan Agusta ta faɗo wa mai barci. Sai a ɗaga mutum a duba: ba jini, hannu da ƙafa lafiya, yana magana, har yana cigiyar jakar kuɗinsa. Jama'a su ce an auna arziki. Shi kuwa yana dafe da gefen ƙirjinsa, yana jan numfashi guntu-guntu.

Wannan dafe ƙirjin shi ne abin da muke roƙonku ku daina rainawa. Ƙashin haƙarƙari kan haɗe da kansa cikin mako shida ko makamancin haka. Abin da ke kai mutum kushewa shi ne numfashin da karayar ta tauye, da abin da tsinin ƙashin ya huda a ciki. A yau akwai tiyatar da ake gyara haƙarƙari da ita ta ƙaramin yanka, amma ta fi amfani cikin kwana uku na farko, kuma waɗannan kwanaki ukun galibi a hannun iyali suke ƙarewa.

Yadda ƙirji yake aiki

Mutum, namiji ko mace, yana da haƙarƙari 24, goma sha biyu a kowane gefe. Dukkansu sun taso daga ƙashin baya sun kewayo gaba kamar sandunan akurki. Bakwai na sama sun haɗu da ƙashin tsakiyar ƙirji, uku na ƙasansu sun rataya da guringuntsi, biyu na ƙarshe kuwa bakinsu a sake yake. A cikin akurkin nan huhu da zuciya suke. A ƙarƙashin haƙarƙarin ƙasa akwai hanta a dama, saifa a hagu, ƙoda biyu ta baya.

Huhu ba shi da ƙarfin jan iska da kansa. Ku tuna zugazugin maƙeri: sai an buɗa fatar iska take shiga, sai an matsa take fita. Haƙarƙari da faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki su ne hannun mai zuga. Idan sun buɗe, huhu ya bi su ya buɗe, domin yana manne da bangon ƙirji kamar yadda jiƙaƙƙiyar leda ke manne wa faranti. Babban mutum da ke zaune lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato wajen sau dubu ashirin a yini da dare.

A nan ne haƙarƙari ya sha bamban da sauran ƙasusuwa. Hannu in ya karye, a ɗaure shi, a rataye, ya huta har ya warke. Haƙarƙari ba shi da ranar hutu. Karyayyen ƙashin zai motsa sau dubu ashirin yau, ya motsa haka gobe, kowane motsi da zafinsa. Saboda zafin sai mutum ya rage zurfin numfashi, ya riƙa danne tari. Majina ta taru a gindin huhu, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Rana ta uku ko ta huɗu zazzaɓi ya sauka, iyali su ɗauka na cizon sauro ne, a aika yaro kemis. Alhali ciwon huhu ne, wanda Bahaushe ke kira sanyin haƙarƙari.

Tsofaffi ne abin ya fi kayarwa. Likitocin asibitin Harborview na birnin Siyatul a Amurka sun wallafa wani bincike a shekarar 2000 kan masu shekara 65 zuwa sama. Sun gano cewa kowane ƙarin haƙarƙari ɗaya da ya karye yana ƙara haɗarin ciwon huhu da kashi 27 cikin 100, haɗarin mutuwa kuma da kashi 19 cikin 100. Don haka idan Baba ko Iya suka zame a banɗaki suka bugi bakin bokiti, suka ce ba komai, ku kai su a duba. Yara kuwa ƙashinsu kamar ɗanyen reshe yake, yakan lanƙwashe ya dawo, huhun da ke ciki ya ƙuje ba tare da karaya ba. Yaron da motoki ko amalanke ya bi ta ƙirjinsa, ko yana wasa bayan nan, asibiti ne wurinsa. Haka ma mace mai ciki.

Abin da ido ba ya gani

Bakin karyayyen ƙashi yana da kaifi. Idan ya huda huhu, iska ta zurara ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, mannewar nan ta saki, huhun ya motse kamar balan-balan da aka soka wa ƙaya. Wani lokaci iskar na shiga ba ta fita, ta yi ta taruwa har ta tura zuciya gefe. Irin wannan yana kisa cikin mintuna, maganinsa kuma mai sauƙi ne a hannun wanda ya sani: allura ko bututun roba da za a sa a gefen ƙirji iskar ta fita.

A ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiyar jini da ke bin gefensa. In ta yanke, jini na zuba cikin ƙirji, ba ɗigo ɗaya a riga. Jinin jikin babban mutum wajen lita biyar ne. Gefe ɗaya na ƙirji yana iya shanye lita ɗaya da rabi, har fiye, wato cikin ledar ruwan sha uku, mutum na zaune a benci ana yi masa sannu. Zubar kan zo a hankali, har sai bayan kwana biyu ko mako guda ta bayyana. Idan haƙarƙarin ƙasa ne, saifa ko hanta na iya tsagewa. Alamarsa ciwon ciki, jiri, zufa mai sanyi, farin ido da farin tafin hannu, wani lokaci da ciwo a kafaɗar hagu ko da ba a bugi kafaɗar ba. Jini a fitsari kuwa ƙoda yake nunawa.

Mafi muni shi ne abin da za mu kira sakakken ƙirji. Yana faruwa idan haƙarƙari uku ko fiye da ke jere da juna suka karye, kowanne a wuri biyu. Sai wani yanki na bangon ƙirji ya rabu da sauran, kamar ƙyauren da ya fita daga maratayinsa. Ku buɗe rigar mutumin ku duba da kyau. Lokacin da ya ja numfashi, sauran ƙirji na tasowa, wannan yankin kuma yana faɗawa ciki; in ya saki, yankin ya bulluƙo waje. Zugazugin ya huje ke nan, ana zuga wuta ba ta kamawa. Kusan kullum huhun da ke ƙarƙashinsa ya ƙuje, kuma ƙujewar huhu takan tsananta ne a kwana na biyu. Shi ya sa wanda ya yi hira da ku da daddare yake iya wayar gari yana haki.

Awa ta farko

Wanda ya bugu a ƙirji, a zaunar da shi a jingine, kada a kwantar da shi rigingine, sai fa in ana zaton wuya ko baya ya taɓu. To a nan a ɗauke shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure, mutum ɗaya na riƙe da kai. A sassauta masa tufafi. Kada a ɗura masa ruwa ko koko, domin mai yiwuwa ne a yi masa aiki, kuma cikin da ya cika haɗari ne ga wanda za a sa barci. Idan ƙarfe ko itace ya cake a jiki, a bar shi inda yake, a tallafe shi da tsumma. Idan akwai rami a ƙirji da iska ke fita ta cikinsa, a rufa masa tsumma mai tsabta sako-sako, kada a toshe shi gam.

Sannan a ƙirga numfashi. Kowa yana da waya, kowace waya tana da agogo. Ku dubi ƙirjin, ku ƙirga sau nawa ya taso cikin minti ɗaya cur. Babban mutum da ya haura 25 yana cikin wahala, wanda ya kai 30 yana cikin haɗari. Haka wanda ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko leɓensa da harshensa suka yi duhu, ko ya yi tarin jini, ko ya fara ruɗewa da gyangyaɗi. Ku shafa fatar ƙirji da wuya: in ta kumbura tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa kamar busasshen ganye, iska ce ta fito daga huhu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tashi nan take, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga Kumasi.

Lambar kiran gaggawa a Gana ita ce 112, kuma kyauta ce. Ta nan ake samun motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa. Mun san motar ba kullum take kusa ba. In dole ce ta sa a ɗauki wata, a nemi mota mai kujera inda zai jingina. Goya mai karayar haƙarƙari a babur, a matse shi tsakanin mutum biyu a kan hanya mai gargada, ƙarin rauni ne.

Ɗauri da maɗori

Yanzu ga maganar da muka san za ta yi wa wasu nauyi. Maɗora suna da daraja a garuruwanmu, gado ne a gidaje da yawa, kuma suna kusa, suna da sauƙin biya. Sai dai dabarar ɗori gaba ɗayanta a kan hana ƙashi motsi take, haƙarƙari kuwa in aka hana shi motsi an hana numfashi. Zane ko rawanin da aka tamke ƙirji da shi yana rage zafi, wannan gaskiya ne, shi ya sa mai ciwon yake gode wa wanda ya ɗaure shi. Amma yana rage zafin ne ta hanyar danne huhu, sai majinar da muka ambata ta sami abin da take nema. Su ma likitocin asibiti sun daɗe suna naɗe ƙirji da filasta kafin su ga illarsa su bari. Murza wurin da ƙarfi don a “mayar” da ƙashi na iya tura tsininsa cikin huhu. Tsaga da ƙaho a kan wurin ba sa fitar da jinin da ke cikin ƙirji, domin tsakaninsu da shi akwai nama da ƙashi. Ƙofa kawai suke buɗe wa ƙwayoyin cuta. Maɗorin kirki, in ya ga mai haki, asibiti yake tura shi, kuma muna roƙon sarakunan zango da limamai su ƙarfafa wa maɗora gwiwa a kan haka.

A asibiti za a saurari ƙirji, a maƙala ɗan abin awon iskar jini a yatsa, a ɗauki hoton ƙirji. Kada ku yi mamaki in likita ya ce bai ga karaya a hoto ba amma ya yarda akwai ta. Ƙaramar karaya sau da yawa ba ta fita a hoton farko, kuma abin da likita ke nema a hoton shi ne halin huhu: akwai iska, akwai jini?

Mafi yawan masu karayar haƙarƙari ɗaya ko biyu gida za a sallame su, kuma jinyarsu aiki ce. A sha maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya taso, domin manufarsa mutum ya iya numfashi da tari. Babban mutum na iya shan farasitamol ƙwaya biyu ta miligiram 500 duk awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da dare. Ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, musamman ga mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki. Tiramadol na bakin tasha da maganin tari mai sa barci, a nisance su: suna danne tari, suna rage numfashi, ga jaraba. Kowace awa, in ana farke, a ja numfashi mai zurfi sau goma, a riƙe kaɗan, a saki a hankali. In za a yi tari a rungume matashin kai a kan wurin, a yi tarin sosai har majina ta fito. A riƙa tashi ana zagaya tsakar gida. Kwanakin farko barci a jingine ya fi daɗi. A guji taba da hayaƙin murhu, a rufe hanci lokacin ƙurar hunturu. Salla a zaune ta halatta ga wanda ruku'u da sujada ke wahalarwa, haka ma mara lafiya yana da rangwamen azumi; ku tambayi malamanku, kada kunya ta sa a bar magani.

Ɗaukar kaya a ka, daka, jan ruwa a rijiya da ɗaga buhu, a bar su har mako shida. Mun san abin da wannan yake nufi ga macen da cinikin yau ne abincin yau. Nan ne magajiyar kasuwa da 'yan adashi za su nuna amfaninsu: a ba ta kwasa kafin layinta, a sa 'yar wata ta zauna mata a rumfa.

Tiyatar ƙaramin yanka

Sakakken ƙirji ya daɗe yana ba likitoci wahala. A farkon ƙarni na 20 sukan maƙala ƙugiya a yankin da ya saki, su rataya masa nauyi, mutum ya yi makonni a kwance. Daga shekarun 1950 aka koma sa majinyaci a na'urar hura numfashi, tana tallafe ƙirjin daga ciki har ƙashi ya kama. Ta ceci rayuka, amma daɗewa a kanta na jawo ciwon huhu, kuma gado mai irin wannan na'ura kaɗan ne ko a manyan birane. A 1973 likitan ƙashi Robert Judet na Faransa ya fito da wasu 'yan ƙarafa masu kama haƙarƙari. Matsalar ita ce a lokacin sai an yi doguwar fiɗa, an yanke naman baya da na gefe, har maganin ya kusa kai ciwon zafi.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne hanyar isa ga ƙashin. Da farko ana ɗaukar hoton sikanin na CT, kwamfuta ta haɗa surar haƙarƙarin mutum ta kowace fuska, likita ya ga wanne ya karye, a ina, kuma nawa ya goce. Bayan an sa majinyaci barci, an kwantar da shi a gefen da ke lafiya, akan bi fatar da na'urar sikanin irin ta masu ciki a sa alama daidai kan karayar. Sai a yi yanka kamar tsawon yatsa ko ɗan fiye. Maimakon a datse nama, ana buɗa shi ne ta bin zarensa, kamar yadda mahauci gwani ke raba tsoka ba tare da ya yanka ta ba. Ta ƙofa ɗaya akan kai ga haƙarƙari biyu ko uku. A jawo bakunan ƙashin su haɗu, a ɗora musu siririn ƙarfe mai ramuka wanda aka lanƙwasa daidai da surar haƙarƙarin, a ɗaure shi da ƙananan noti a kowane ɓangare. Ƙarfen na taitaniyam ne, ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, jiki kuma ba ya ƙin sa.

Sau da yawa ana haɗawa da kyamara. Ta wata 'yar huda a zura siririn bututu mai fitila da ido, cikin ƙirji ya fito a allo. Da shi ake wanke gudajin jinin da ya taru, a duba ko huhu ya yage, a kashe zafin jijiyoyin da ke bin haƙarƙari. Wasu likitocin ma ta ciki suke ɗora ƙarfen. A ƙarshe a bar bututun roba na 'yan kwanaki yana fitar da ruwa da iska. Ba kowane karyayyen ƙashi ake ɗaurewa ba: na farko da na biyu a sama, da biyun ƙarshe a ƙasa, galibi ana barinsu, a gyara waɗanda suka fi ɗaukar aikin numfashi.

Shin tana da amfani? An gwada. A Japan, a 2002, Dokta Hideharu Tanaka da abokan aikinsa sun raba mutum 37 masu sakakken ƙirji gida biyu. Waɗanda aka yi wa tiyata sun yi kimanin kwana 11 a na'urar numfashi, sauran suka yi 18, kuma ciwon huhu ya fi yawa nesa ba kusa ba a cikin waɗanda ba a yi wa ba. Wani gwaji a Masar a 2005, kan mutum 40, ya kwatanta tiyata da naɗin filasta, tiyata ta yi rinjaye. Na Melbon a Ostireliya, a 2013, kan mutum 46, ya nuna raguwar kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman. Amma wani gwaji da ya fi waɗannan girma, wanda aka yi a Kanada da Amurka kan mutum 207 aka wallafa a 2022, ya rage wa masu zumuɗi ƙarfi: ribar ta fi fitowa ga waɗanda rauninsu ya kai su ga na'urar numfashi, ga sauran kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ma'anar wannan a fili take. Tiyatar ta mutane ƙalilan ce: mai sakakken ƙirji, mai haƙarƙari da yawa da suka goce sosai, wanda aka kasa cire shi daga na'ura saboda ƙirjinsa, wanda za a buɗe ƙirjinsa dama saboda zubar jini, da wanda ƙashinsa ya ƙi haɗewa bayan watanni yana ƙas-ƙas da ciwo. Mai karaya ɗaya ko biyu da ke zaune a mazauninsu ba ya buƙatarta, kuma kada ya ga kamar an rage masa wani abu. Tana da nata haɗarin: miki na iya ruɓa, noti na iya kwancewa, fatar wurin na iya mutuwa ko ta riƙa zugi na tsawon lokaci. Ƙarfen akan bar shi har abada, sai in ya dami mutum a cire.

Ga kuma inda darasin ya dawo kanku. Likitocin wannan fanni sun fi son yin aikin cikin awa 72 da samun rauni. Bayan haka jini ya daskare, nama ya kumbura, ƙashi ya fara kamawa a karkace, ciwon huhu kuma wataƙila ya riga ya shiga. Iyalin da suka kwana biyu a gidan maɗori, suka kwana ɗaya suna taron shawara, sun cinye kwanakin kafin likita ya ga majinyacin.

Hanya, kuɗi da takardu

Asibitin Salaga, da na Yendi, da asibitin Presbyterian na Bawku su ne matakin farko, kuma kada a tsallake su don neman babba. Abin da ke ceton rai a ranar farko, wato iskar oksijin, bututun ƙirji, ƙarin ruwa da jini, da maganin zafi mai ƙarfi, daga asibitin da ya fi kusa ake fara nemansa. Daga nan likita ne zai rubuta takardar turawa. Salaga zuwa Tamale kimanin kilomita 120 ne, Yendi zuwa Tamale kusan 100, Bawku zuwa Bolga kimanin 80, daga Bolga zuwa Tamale kuma wajen 160. Asibitin Koyarwa na Tamale shi ne babban wurin turawa a arewa. Gaba da shi akwai Komfo Anokye a Kumasi, da Korle Bu a Ankara, inda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji ta ƙasa a 1989. Ɗaure haƙarƙari da ƙarfe yana buƙatar hoton CT, likitan ƙirji ko na ƙashi da ya ƙware a kai, ɗakin kulawa ta musamman, da ƙarfen kansa, saboda haka maganarsa a manyan asibitocin koyarwa ake yin ta.

In an ce a tafi, a tafi a ranar. Ku yi wa likita tambaya ba tare da jin nauyi ba: haƙarƙari nawa ne suka karye, akwai iska ko jini a ciki, ƙirjin ya saki ko bai saki ba, kuma tiyata na cikin abin da ake tunani? Mutum ɗaya mai natsuwa ya zama bakin iyali, shi zai sa hannu, shi za a kira. A tafi da 'yan uwa biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini.

Katin inshorar lafiya na NHIS, wanda aka kafa dokarsa a 2003, yana ɗaukar jinyar gaggawa har da ta haɗarin mota, amma sai in yana da rai. Ana sabunta shi ta waya da lambar *929#, kuma ranar da ciniki ya yi kyau ce ranar yin haka. Kuɗin ƙarfe da na hoton CT kuwa, a tambaya tun farko ko katin ya ɗauke su, a nemi a rubuta adadin a takarda, don a san abin da za a tara. Shugabannin tasha da na 'yan motokin za su kyauta in sun ware wani abu a asusun ƙungiya don kuɗin man motar da za ta kai ɗan uwansu Tamale da tsakar dare.

'Yan uwanmu da ke zuwa cin kasuwar Bawku daga Sankasi, Dapaong ko Bittou, in haɗari ya same ku a wannan gefen, ku fara da asibitin da ke nan. Kada ku ce sai kun koma gida, domin iskar da ta taru a ƙirji ba ta jiran a buga hatimi a kan iyaka. Idan an sallame ku, ku karɓi hoton ƙirjin da takardar sallama, ku ɗauki hotonsu a waya. Likitan da ke can zai karanta hoton ko da takardar da Turanci take, kamar yadda na nan zai karanta naku ko da ta Faransanci ce. Wanda aka sa wa bututun ƙirji ko ƙarfe, ya koma a duba shi a ranar da aka rubuta masa, ko da yana jin garau. In kuma zazzaɓi, ko sabon haki, ko ruwa daga mikin ya ɓullo kafin ranar, ya je asibitin da ya fi kusa da shi a ranar da ya gani, da takardunsa a hannu.